Yadda Ake Kamun Kifin Tirawut da Ƙwaron Gashi, Daga Filin Sukuwa Zuwa Ruwan Tsauni

Duk ranar Asabar bayan sallar asuba, kafin iska ta taso, nakan ɗauki sandata in tafi Filin Sukuwa in yi ta wurga igiya a kan busasshiyar ƙasa. Masu motsa jiki kan tsaya suna kallona. Wani dattijo ya taɓa matsowa ya ce, "Malam, ina ruwan yake?" Na ce, "Baba, ruwan yana can Kenya, hannu nake gyarawa tun daga nan." Da gaske nake yi masa. Mutumin Kano da ke son kama tirawut ba zai samu fiye da kwana uku ko huɗu a kan tsauni ba, bayan ya kashe kuɗin jirgi da na masauki. Idan sai ya je can ne zai fara koyon jifa, kwanakin za su ƙare yana warware igiya daga jikin itatuwa.

Tirawut kifin ruwan sanyi ne. Ya fi walwala idan sanyin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16, da zarar ya haura 20 sai ya fara galabaita, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe isasshiyar iskar da kifin ke shaƙa. Shi ya sa ba za ka same shi a Tiga ko Challawa ba. Iri biyu aka fi sani: mai jan zane a gefe kamar bakan gizo, wanda asalinsa yammacin Amurka ta Arewa ne, da kuma mai ruwan ƙasa da ɗige-ɗige ja da baƙi, ɗan asalin Turai. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo ƙwansa Kenya a 1905 suka zuba a kogin Gura da ke tsaunukan Abadiya, daga nan ya bazu zuwa ƙoramu da tafkunan Dutsen Kenya. Akwai shi kuma a tsaunukan Bale na Habasha, da Lesoto, da Afirka ta Kudu. Ni Kenya na sani da ƙafata, don haka da ita zan riƙa misali.

Ka fara gane bambancin wannan da fatsar da muka saba. A fatsarmu ana soka tana a ƙugiya, a ɗaura dalma, nauyin dalmar ne ke jan zare zuwa cikin ruwa. A nan babu koto, babu dalma. Ƙugiya ce aka yi wa riga da gashin tsuntsu da zare har ta yi kama da ƙwaro, ba ta da nauyin da za a iya jefa ta. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, ƙwaron yana biye da ita a baya. Duk wanda wannan ya zauna masa a kai, sauran bayanin zai zo masa da sauƙi.

Kayan aiki

Ka nemi sanda mai tsawon ƙafa 9, mai lamba 5, wadda ake rabawa gida huɗu don ta shiga jaka. Lambar nan ta nauyin igiya ce: igiya mai lamba 5, mita 9 ɗinta na farko sun kai nauyin giram 9. Dole lambar sanda da ta igiya su zo ɗaya. Igiyar ta kasance mai yawo a saman ruwa, mai kauri ta gaba. Sai manaɗi, wato ɗan gargaren da ake naɗe igiya a kai, ba sai mai tsada ba. A ƙarƙashin igiya ana fara naɗa zare mai ƙwari kamar mita 50, saboda ranar da babban kifi zai ja da nisa.

A bakin igiya ake ɗaura abin da nake kira wutsiya: zaren nailan mai tsawon ƙafa 9, mai kauri daga sama, yana sirancewa har ƙarshe. Ana auna sirantar ƙarshen da lamba da harafin X. Ka sayi 4X da 5X, da ƙarin ɗan ƙullin zare na kowanne don yin ƙari idan wutsiya ta gajarce. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a raba lambar ƙugiya gida uku: ƙugiya mai lamba 12 tana tafiya da 4X, mai lamba 14 ko 16 da 5X. Ka tuna a lissafin ƙugiya, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa.

Ƙwari kuwa kashi uku ne. Akwai mai zama a saman ruwa, akwai mai nutsewa wanda ke kwaikwayon tsutsar ƙwaro, akwai dogo mai jela wanda ke kwaikwayon ɗan kifi. Kada ka cika akwati. Adams da Elk Hair Caddis na sama, Pheasant Tail da Hare's Ear na ƙasa, baƙin Woolly Bugger mai lamba 10 na tafki, kowanne guda shida, sun ishe ka. Waɗannan ma ka bari sai ka isa Nairobi, domin Kenya na cikin ƙasashen da suka fi ɗaura ƙwaron fatsa a duniya, can ya fi araha. Sanda da igiya ne za ka yi oda ta intanet tun da wuri ko ka ba mai zuwa waje sautu, tunda da su za ka yi atisaye. Ka haɗa da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, hula mai baki, ƙaramar filaya, abin yanke farce don datse zare, da 'yar koma mai laushi.

Ƙulli biyu za ka haddace. Na ɗaura ƙwaro: ka zura zare ta idon ƙugiya, ka naɗe shi a jikin kansa sau biyar, ka mayar da bakin ta ɗan ramin da ke kusa da idon, sannan ta babban zoben da ya samu, ka jiƙa da yawu, ka ja a hankali. Na haɗa zare biyu: ka jera su gefe da gefe kamar tsawon taƙi ɗaya, ka yi zobe da su tare, ka zura bakin sau biyu, ka jiƙa, ka ja bakuna huɗun lokaci guda. Kada ka bar jiƙawar nan, busasshen nailan yana ƙonewa da gogayya ya tsinke a ƙullin. Ka yi ta yi da daddare har yatsunka su iya ba tare da ido ba, domin a kan tsauni sanyi zai sandarar da su.

Jifa, wanda a nan Kano za ka koya

Ka samu fili mai ciyawa ko yashi, ba kwalta ba, kwalta tana cin igiya. A madadin ƙugiya ka ɗaura ɗan guntun ulu mai haske. Ka ajiye faifai a ƙasa, taku goma sha biyu daga inda kake tsaye. Ka sa tabarau ko da babu rana, don ka saba.

Ka zaro igiya kamar mita 8, ka shimfiɗe ta miƙe a gabanka, bakin sanda yana kusa da ƙasa. Ka riƙe sanda kamar za ka gaisa da mutum, babban yatsa a sama. Ka ɗaga a hankali, saurin yana ƙaruwa, har hannunka ya zo daidai kunne, sai ka tsaya cak. Tsayawar nan ce ke harba igiya baya. Sai ka jira. Wannan jiran shi ne inda kowa ke faɗuwa. Ka waiwaya ka kalli igiyar tana warwarewa a bayanka, sai ta kusa miƙewa sarai sannan ka turo gaba, ka sake tsayawa cak daidai tsayin goshinka, ka bar igiyar ta miƙe a iska, sannan ka sauke sanda tare da ita.

Wanda ya yi wasan harba laka da kara yana yaro ya riga ya san motsin. Kana manna ɗan curin laka a bakin kara, ka kaɗa, ka tsayar da hannu, lakar ta tashi. Idan ba ka tsayar ba, a gabanka za ta faɗi. Haka igiyar nan take.

Kunnenka zai gaya maka kuskurenka. Idan ka ji ƙara kamar ta bulala, ka yi gaggawar dawowa gaba, kuma a bakin ruwa wannan ƙarar tana nufin ƙwaronka ya tsinke ya tafi. Idan igiya na dukan ƙasa a bayanka, kana karya wuyan hannu, sanda na wucewa baya da yawa. Maganinsa ka cusa gindin sandar cikin hannun rigarka na 'yan kwanaki. Idan ka ga ƙananan ƙulli a wutsiya, ƙarfi kake sawa farat ɗaya. Ka rage ƙarfi. Ban taɓa ganin sabon ɗan koyo da ƙarfinsa ya gaza ba, kullum yawa yake yi.

Minti ashirin a rana ya fi awa uku a mako. Kada ka nemi nisa. Yawancin kifin ƙorama ana kama shi ne tsakanin mita 5 da 10. Abin nema shi ne ulun ya sauka a kan faifai sau bakwai cikin goma, ya sauka a hankali kamar gashin kaza. Idan wannan ya samu, ka koma yi a durƙushe, sannan ka yi da sanda a kwance ta gefe, kamar akwai reshe a saman kanka. Lokacin hunturu ka fita da gangan cikin iska, domin iskar tafkin tsauni ba ta da wasa.

Akwai jifa na biyu wanda sai a kan ruwa yake yiwuwa, na wurin da daji ya tokare bayanka. Kana jawo sanda a hankali har igiya ta yi lanƙwasa a bayan kafaɗarka, sauranta na kwance a kan ruwa, sai ka buga gaba, igiyar ta mirgina ta miƙe. Don wannan sai ka je Tiga.

Gwaji a Tiga

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana da kawara da karfasa, kuma dukansu suna cin ƙwaron gashi. Kawara musamman tana kai cafka a saman ruwa da saurin da ya fi na tirawut, wanda ya iya kama ta ya samu horo mai kyau. Ka fara gaida masuntan wurin ka nemi izini, kada ka jefa kusa da inda suka kafa kayansu. Ka tsaya a kan dutse ko gaɓa, kada ka shiga ruwan da ƙafa, saboda tsargiya. Mafi daɗin lokaci shi ne farkon damina, washegarin daren da shinge ya fito, ruwan kan cika da da'ira-da'ira na kifi mai tsintar fukafukai.

A can wani tsohon masunci ya karɓi ƙwarona ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai gashin zabo ne." Na ce, "Shi ne, Baba." Ni na ɗaura shi, kuma kai ma za ka iya. Ka matse ƙugiya mai lamba 12 a bakin filaya, ka naɗe jikinta da baƙin zaren tela daga ido zuwa lanƙwasa ka dawo, sau biyu ko uku har jiki ya yi. Ka samu ƙaramin gashin wuyan zabo wajen masu fige kaji, ka ɗaura shi ta tsininsa kusa da ido, ka zagaya shi sau biyu yadda zai baje kamar ƙafafu, ka ƙulle, ka ɗiga jan farce marar launi. Wannan ƙwaron ya kama min karfasa a Tiga, ya kuma kama min tirawut a Abadiya.

Hawa tsauni

Ka zaɓi lokacin da ruwan sama ya ɗauke. A Kenya manyan ruwa na sauka daga Maris zuwa Mayu, ƙananan kuma daga Oktoba zuwa Disamba, don haka Janairu da Fabrairu, ko Yuli zuwa Satumba, sun fi. Sai da lasisin kamun kifi, kuma ruwayen da ke cikin gandun daji na gwamnati sai an biya kuɗin shiga. Ka ɗauki ɗan jagora, domin akwai ɓauna da giwa a dajin, kuma hazo kan rufe hanya cikin 'yan mintoci.

Maganar tsayi nake so ka ɗauka da muhimmanci. Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba. Tafkunan Rutundu da Alis da ke jikin Dutsen Kenya sun haura mita 3,000. Zuwana na farko na tashi daga Nairobi da safe na kwana a sama, cikin dare kaina ya riƙa sarawa kamar ana buga guduma, ga amai, kwana ɗaya cur cikin ukun da nake da su ya tafi ina kwance. Ka kwana biyu a Nanyuki, wadda ke wajen mita 1,900, kafin ka hau. Ka sha ruwa da yawa, ka yi tafiya a hankali. Idan ciwon kai ya ƙi sauka, ko numfashi na yi maka wuya kana zaune, ko kana tangaɗi, ka sauko nan take, ko da dare ne. Sanyin dare yana daskarar da raɓa, don haka riga uku a jere, ta saman mai hana ruwa, da safar hannu. Ka riƙe ruwan ɗumi a fulas saboda alwalar asuba.

A bakin ƙorama

Da ka isa, kada ka haɗa sanda tukuna. Ka zauna minti goma nesa da gaɓa kana kallo. Sannan ka ɗaga wani dutse daga cikin ruwa ka juya cikinsa. Za ka ga 'yan tsutsotsi masu faɗi suna gudu, da wasu da suka gina wa kansu ɗan bututu da ƙwayoyin yashi suna leƙowa. Abincin kifin ke nan. Ka zaɓi ƙwaron da ya yi kusa da su, girma tukuna, launi daga baya.

Tirawut yana fuskantar inda ruwa ke fitowa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Saboda haka daga ƙasa za ka faro, kana hawa sama, ka zo masa ta baya. Ka sa kaya masu duhu, ban da farar riga. Ka taka a hankali, ka sunkuya, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa. Ruwan garai-garai yake, yadda kake ganinsa haka yake ganinka.

Ba ya son wahala, yana son abinci ya zo har bakinsa. Ka neme shi a bayan dutse da gabansa, a kan iyakar da ruwa mai gudu ya haɗu da mai sanyin tafiya, a kan gurbi inda ruwa ke zubowa, a ƙarƙashin gaɓar da ruwa ya ƙwaƙule, da duk inda kumfa ta yi layi. Inda kumfa ke bi, nan ƙwari ke bi.

Ka jefa ƙwaro kamar mita ɗaya sama da inda kake zaton kifin, yadda wutsiya kaɗai za ta bi ta kansa, ban da igiya mai kauri. Yanzu aikin ya zo. Dole ƙwaron ya taho da gudun ruwa daidai, kamar ba a ɗaure yake ba. Ka sa ido kan wani ɗan kumfa kusa da shi: idan suna tafiya tare, daidai ne, idan ƙwaron ya wuce shi ko yana tsaga ruwa, igiya na jansa, kuma kifi ba zai taɓa ba. Gyaransa, da zarar igiya ta sauka ka ɗaga bakin sanda ka juya cikinta zuwa wajen da ruwa ke fitowa da ɗan zagaye, ba tare da ƙwaron ya motsa ba. A ƙaramar ƙorama ma ka ɗaga sanda sama kawai, igiya ta bar ruwa gaba ɗaya. Hannun hagu kuma yana tattara igiyar da ruwa ke dawo maka da ita. Jifa uku ko huɗu a wuri ɗaya, in babu labari ka ƙara gaba.

Idan ba ka ga kifi na tasowa sama ba, ka koma mai nutsewa, domin yawancin cinsa a ƙarƙashi yake yi. Ka ɗaura ɗan ulu a wutsiya, nisansa da ƙwaro ya kai zurfin ruwan sau ɗaya da rabi. Ulun ya tsaya, ko ya nutse, ko ya karkata, ka ɗaga.

A bakin tafki

Nan ruwa ba ya kawo abinci, kifin ne ke yawo nema, yawanci kusa da gaɓa. Ka duba inda ƙorama ke shiga, inda take fita, da layin da launin ruwa ya sauya daga haske zuwa duhu, alamar zurfi ya fara. Gaɓar da iska ke bugawa ta fi wuyar jifa, amma can iska ke tara ƙwari. Idan ka hango kifi yana tafe, ka jefa mita biyu ko uku a gabansa ka bari ya iso. Idan ba ka ga komai ba, ka sa Woolly Bugger, ka ƙirga biyar kafin ka fara jawowa taƙi-taƙi, jifa na gaba ka ƙirga goma, sannan goma sha biyar, har ka gano zurfin da suke. Ka fito da hantsi, domin bayan azahar gajimare kan taru. Ka ji tsawa, ka kwantar da sanda ka bar bakin ruwa, irin wannan sandar tana jan wuta.

Idan ya ci

Hannun da ya saba da tarwaɗa zai so ya fizga. Kada ka fizga, zaren 5X ba zai ɗauka ba. Idan ka ga bakinsa ya rufe kan ƙwaron sama, ka ce "Bismillah" tukuna, sannan ka ɗaga sanda kamar mai amsa sallama da hannu. Ka bar sanda a lanƙwashe, ita ce ke shanye fizgarsa. Ya ja, ka sakar masa igiya ta zame tsakanin yatsu. Ya yi tsalle, wanda mai bakan gizo ya saba yi, ka ɗan sassauta. Ya juyo, ka tattara. Kada ka ja faɗan da tsawo, da ka ga ya kwanta ta gefe ka jawo kansa cikin koma.

Tun kafin ka fara, ka matse kunnen ƙugiya da filaya, zai fita daga bakin kifi da sauƙi, haka ma daga kunnenka ko rigarka. Wanda za ka saki, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi don kada ka goge santsin da ke kare fatarsa, kada ka sa yatsa a ƙurmusunsa, wato tsagar gefen kansa da yake shaƙar iska ta ciki, kada ka matse cikinsa. Ka riƙe shi cikin ruwa yana fuskantar gudun ruwan har ya fizge da kansa. Ruwan tsauni ba shi da yalwar abinci, kifi na daɗewa kafin ya girma, don haka ni ba na ɗaukar fiye da wanda za mu ci a daren, kuma ina tambayar adadin da dokar wurin ta yarda da shi.

Wanda za ka ci, ka buge shi a ka sau ɗaya da ƙarfi, ka farke cikin daga ƙasa zuwa wuya, ka cire kayan ciki, ka kankare baƙin jinin da ke jikin ƙashin baya da babban yatsa, ka naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa. Ɓawonsa ƙanana ne, ba sai an kankare ba. Gishiri, ɗan mai a kasko, minti huɗu kowane gefe. Ni nakan tafi da ƙullin yajin ƙuli daga gida, in barbaɗa bayan an sauke, da lemon tsami idan an samu a Nanyuki.